Wayar Da Bai Buga Wa Bahauddeen Ba

An yi wani mutum a garin Rogo, ba da daɗewa ba, a wannan zamani namu na waya da kwamfuta. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma kafin mu tashi za ku ji dalili. Wanda ya gane shi a cikinku ya kama bakinsa. Kada in ga wani yana zungurar na kusa da shi, daga nan ina ganin kowa.

Mutumin nan yana da shago a bakin kasuwa, da kwamfuta da injin buga takardu da na ɗaukar hoto. In za ka cike takardar makaranta, wajensa za ka. In layinka ya toshe, wajensa za ka. Hannunsa na da sauri, kansa na ja, ga fara'a. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, a sahun gaba yake sallah. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ai dama can lalatacce ne. A'a, mutum ne kamar ni da kai, har ma ya fi wasunmu kirki.

A Karaye kuma akwai wani ɗan kasuwa mai sayen gyaɗa, Alhaji Bahauddeen. Shi kam zan faɗi sunansa in sake faɗa, don irinsa ake so a riƙa ambata. Da damina yakan ba manoma iri da taki, da kaka ya sayi gyaɗarsu, ya tura wa kowa kuɗinsa ta banki, saboda yawo da tsabar kuɗi a mota ya zama kasada. To amma kafin a tura wa mutum kuɗi sai an san shi. Sai an rubuta sunansa da na mahaifinsa, da ƙauyensu, da lambar wayarsa, da ta asusunsa, da katinsa na ɗan ƙasa, har da girman gonarsa.

Kun dai san halinmu. Manomi zai ba ka damin dawa kyauta yana murmushi, amma ka ce ya ba ka lambar asusunsa, nan take zai tuna yana da aiki a gona. Sai da Bahauddeen ya bi su ƙauye-ƙauye, ya je Gwangwan, ya je Rogo Ruma, ya cire takalmi ya zauna a tabarma gaban dattawa, ya ce, "Abin da za ku ba ni amana ce. In ya fita daga hannuna, ni za ku kama, duniya da lahira." Da wannan maganar suka yarda.

Mutum ɗaya ba zai riƙe Karaye da Rogo ba. Sai Bahauddeen ya nemi mutumin nan mai shago, ya ba shi kwangilar rubuta manoman ɓangaren Rogo da adana bayanansu. Aka kira lauya ya rubuta yarjejeniya. A ciki akwai sharuɗɗa biyu da Bahauddeen ya kafe a kansu. Na farko, kwamfutar da bayanan manoma ke ciki, ba mai taɓa ta sai mai shagon da kansa. Na biyu, duk wanda ya ga alamar bayanan sun fita, ko daga Karaye ko daga Rogo, ya gaya wa ɗan uwansa a ranar, kafin rana ta faɗi. Wanda ya faɗa a kan lokaci, asarar da ta biyo baya ta su biyu ce. Wanda ya ɓoye kuwa, shi kaɗai zai ɗauka.

Mutumin ya sa hannu yana dariya. Ya ce, "Alhaji, sunayen manoma ne fa, ba zinariya ba."

Bahauddeen ya ce, "Ai da zinariya ce da ta fi sauƙi, Malam. In an sace ta, ka duba ka ga babu. Wannan kuwa sai a sace shi, kana kallonsa a inda ka ajiye shi."

Ba a jima ba Allah ya fara jarraba Bahauddeen da sharaɗin da shi ya kawo. Wata ranar kasuwa, a cikin turmutsutsun tasha, aka zare masa waya daga aljihu, ga bayanan wasu manoma a cikinta. Ya 'yan uwa, me kuke tsammani ya yi? Ya koma gida ya yi shiru, ya ce wata ƙila wayar kawai ɓarawon yake so? Wallahi ko ƙafa bai ɗaga daga wurin ba. Ya ari wayar wani ɗan acaɓa, ya kira Rogo, ya ce, "An sace mini waya yanzun nan. Ina gaya maka kamar yadda muka yi alkawari." Kafin la'asar an rufe layin, an canja duk lambobin sirri, an aika wa masu unguwanni su faɗa wa mutanensu. Ko kwabon kowa bai yi ciwo ba.

An yi masa dariya, ba a fasa ba. Wai Alhaji guda, mai mota da sito, yara sun yashe masa aljihu yana tsaye. Shi ma ya taya su dariyar ya wuce. Mutumin Rogo kuwa ya girgiza kai a shagonsa, ya ce a ransa, wannan ai tona wa kai asiri ne a banza. Tun da ba abin da ya faru, ina amfanin duk wannan shela?

Sai tasa ranar ta zo.

Matarsa, Zakiyya, marainiya ce. Wanta Ƙasimu ne ya riƙe ta, shi ya aurar da ita, kuma shi ya saya wa mutumin nan kwamfutarsa ta farko lokacin da ba shi da komai. Ƙasimu a birni yake zaune, ba wanda ya san ainihin sana'arsa, sai dai kullum rigarsa a goge take. Wata rana a tsakiyar damina ya shigo shagon, aka gaisa, ya ce akwai wata takarda da yake so ya tura, a ba shi kwamfuta na ɗan lokaci.

To, akwai ƙaramar kwamfuta ta kowa da kowa a gefe, gaban bencin da masu jiran layi ke zama. Amma wa zai zaunar da wan matarsa a benci tare da 'yan makaranta? Mutumin ya yi zumbur ya tashi daga kujerarsa, ya kakkaɓe ta, ya ce, "Yaya, bismillah, zauna nan." Kwamfutar manoma ce a gaban kujerar, kuma a buɗe take. Ya tuna da sharaɗin, ba wai ya manta ba. Amma ta yaya za ka rufe abu a gaban surukinka kamar kana zarginsa? Ta yaya za ka tsaya a kansa kana leƙen abin da yake yi? Sai ya yi abin da kowane mai kunya zai yi. Ya fita ya sayo masa lemo mai sanyi da tsire, har ya ɗan daɗe a wajen mai tsiren don kada a ce ya matsa wa baƙo.

Bayan Ƙasimu ya tafi, ya zauna zai ci gaba da aiki. Kallo ɗaya ya yi wa kwamfutar ya gane an yi ɓarna. Ai sana'arsa ce, ba a yi masa ɓoyo a nan. An buɗe ma'ajiyar manoma, an kwafe ta kaf, an tura wani wuri da bai sani ba. Komai yana nan a inda ya bar shi, kuma komai ya tafi.

Rana ba ta faɗi ba tukuna, ko sallar la'asar ba a daɗe da idarwa ba. Ya ɗauki waya, ya lalubo sunan Bahauddeen, ya ɗora yatsa a kai. Dannawa ɗaya ta rage.

Nan Shaiɗan ya ja kujera ya zauna kusa da shi. In ka kira, me za a fara tambayarka? Wa ya taɓa kwamfutar. Me za ka ce? Wan matarka? Mutumin da ya ba ka mata, ya ba ka jari? Gobe dangi su ce ya ci ya ƙoshi ya kai surukinsa ga hukuma. Zakiyya fa, da wane ido za ta dube ka? Kuma kai da ka yi wa Alhaji dariya ranar da aka sace masa waya, yau kai ne za ka kira shi kana in-ina?

Sai ya cire yatsansa ya kira Ƙasimu. Ƙasimu ya yi dariya ya ce, "Haba ƙanena, har ka tsorata? Wasu masu sayar da maganin feshi ne ke neman lambobin manoma, talla kawai za su tura musu. Kada ka tayar wa yarinyar nan da hankali a kan abin da bai kai ya kawo ba."

Bai yarda ba. A can cikin ransa bai yarda ba, don mai tallan maganin feshi ba ruwansa da lambar asusun mutum. Amma maganar ta yi masa daɗi, sai ya riƙe ta. Yana nan zaune ladan ya kira magariba. Ya rufe shago, ya yi alwala, ya shiga sahun gaba, ya ce wa kansa ya rufa wa surukinsa asiri, Allah ma yana son mai rufin asiri.

Kun ga yadda ake yi, ya 'yan uwa? Shaiɗan ba ya zuwa wa mai sallah ya ce masa tashi ka ci amana. Ya san ba zai tashi ba. Sai ya ɗauko cin amanar ya sa mata suna mai kyau, ya ce kunya ce, ya ce zumunci ne, ya ce rufin asiri ne.

Kuma ku duba rahamar Allah. Ɓarayin ba su yi komai ba a lokacin, don manomi da damina ba shi da abin sata. Suka zauna suna jiran kaka. Gyaɗa ta yi fure, ta zuba 'ya'ya, ta nuna. Duk tsawon wannan lokaci ƙofa a buɗe take. Kowace safiya mutumin nan yakan ce yau zan faɗa, kowace yamma ya ce ai shiru ake ji, wata ƙila tallar ce da gaske.

Dab da fara cirar gyaɗa Bahauddeen ya zo Rogo da kansa. Suka gaisa. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Yaya iyali, lafiya lau. Yaya aiki, da godiya. Da aka gama Bahauddeen ya gyara zama ya ce, "To Malam, gaisuwa ta ƙare, yanzu tambaya ce. Zan fara tura wa mutane kuɗinsu. Akwai wani abu da ya taɓa bayanan nan, komai ƙanƙantarsa? In akwai, faɗa mini yanzu mu gyara tare, ba abin kunya ba ne."

Mutumin ya dubi fuskarsa. Ba zargi a cikinta, ba tarko. Da a ce Bahauddeen mai zafi ne, da sai ya ce tsoro ne ya hana shi. To ba shi da wannan uzurin. Ya buɗe baki ya ce, "Lafiya lau, Alhaji. Ba komai."

Kaka ta yi, aka auna gyaɗa, kuɗi suka fara shiga. Sai waya ta fara ƙara a ƙauyuka.

Akwai wani dattijo a Gwangwan, Malam Liti. In an yi rikicin iyakar gona shi ake kira, in za a raba gado shi ake zaunarwa a tsakiya, don an shaide shi da hankali. Shi ne ma ya fara miƙa katinsa ranar da Bahauddeen ya zo, sannan sauran suka biyo baya. Aka kira shi a waya. Wata murya mai ladabi ta yi masa sallama, ta kira sunansa da na mahaifinsa da ya daɗe da rasuwa, ta tambayi mutanen Gwangwan, ta tambayi gonarsa ta bakin rafi. Sannan ta ce daga wajen Alhaji Bahauddeen ne, kuɗinsa sun maƙale a hanya, za a turo masa wata lamba yanzu, ya daure ya karanto. Wa zai zargi wanda ya san sunan ubansa? Ya kira jikarsa ta karanta masa, shi kuma ya maimaita musu.

Kashegari ya hau acaɓa ya zo Rogo, kai tsaye shagon mutumin nan, ya ce, "Ɗana, duba mini. An ce kuɗi sun shigo, na je cira an ce babu."

Mutumin ya duba. Sun shiga, sun fita. Ya ji labarin kiran daga bakin tsohon, ya ji yadda aka ambaci gonar bakin rafi, wadda shi da hannunsa ya rubuta. Ga dattijo a gabansa, noman shekara guda ya tafi, ga wayar Bahauddeen a aljihunsa. Ko a ranar da ya kira, da an tsirar da mutane da yawa.

Sai ya ɗebo wa tsohon ruwan sanyi, ya rage murya ya ce, "Ayya Baba, ai ba a ba kowa wannan lambar. Kuskure aka yi. Amma ka bar shi tsakaninmu, kada a ji a gari a yi ta yi da kai, mutum mai daraja irinka." Ya raka shi bakin titi, ya biya masa kuɗin acaɓa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ya ɗauki laifinsa ya ɗora wa tsoho a ka, tsohon kuma ya tafi yana sa masa albarka.

Malam Liti bai iya ɓoye wa 'ya'yansa ba. Suka karɓe wayar daga hannunsa, suka ce Baba tsufa ya kama shi. Ya daina fita dandali. Aka zo kiransa rabon wata gona ya ce a nemi wani, wanda aka yi wa wayo a waya ba shi da bakin raba wa mutane gado. Haka kuma aka yi ta yi a sauran ƙauyuka. Duk wanda aka cuta sai ya ɗauka shi kaɗai ne wawa, ya yi gum, ɓarayin kuwa suna ta bin suna bayan suna.

Wata bazawara ce daga Rogo Ruma, Kubura, ta fasa abin. Ita tana da marayu a gabanta, ba ta ga ta kunya ba. Ta hau mota har Karaye, ta tsaya gaban sikelin Bahauddeen ana tsakiyar awo, ta ɗaga murya ta ce, "Alhaji, kai ka ce amana ce! Yaranka sun kira ni sun kwashe mini kuɗi!"

Da wani ne, da sai ya sa a ja ta gefe a lallashe ta, kada ta ɓata masa kasuwa. Bahauddeen ya ce a tsayar da awo. Ya sa aka ba ta kujera, ya saurare ta har ta gama a gaban kowa. Nan take ya dakatar da tura kuɗi, ya ɗauki waya ya kira Rogo ya ce, "Malam, bayanan nan sun fita. Ban sani ba ko daga wajena ne ko daga wajenka. Ina gaya maka kamar yadda muka yi alkawari."

Mutumin ya ce, "Subhanallahi! Nan wajena dai ban ga komai ba."

Washegari yana tsaye a ƙofar shagonsa ya ji lasifika tana tahowa. Motar Bahauddeen ce, an ɗaura mata lasifika a kai, kuma ba yaro ya sa ba, shi da kansa ke magana har muryarsa ta dushe. "Jama'a, ni ne Bahauddeen na Karaye. Bayanan da kuka ba ni amana sun faɗa hannun ɓarayi. Duk wanda ya kira ku da sunana ya ce ku karanto lamba, ba ni ba ne. Wanda aka riga aka cuta ya fito ya faɗa, ba wautarsa ba ce, daga wajenmu aka samu ɓaraka."

Ya shiga kasuwa ya faɗa. Ya tsaya bayan sallar Juma'a ya faɗa. Ya bi dagatai da masu unguwanni, ya je banki ya kai rahoto, ya je wajen hukuma. An zage shi, ya 'yan uwa. Wani matashi ya ci kwalar rigarsa a tsakiyar kasuwar Rogo, mutane suka taso za su raba, ya ce, "Ku ƙyale shi, yana da gaskiya, ni na yi musu alkawari." Bai jira a gano mai laifi ba, ya sayar da babbar motarsa ta ɗaukar kaya ya fara mayar wa mutane abin da aka kwashe musu. Ya je Gwangwan ya tarar da Malam Liti a kwance ba lafiya, ya durƙusa gabansa a gaban 'ya'yansa ya ce, "Baba, ko ni aka kira da sunan mahaifina haka, zan karanta. Ku mayar masa da wayarsa."

Allahu Akbar! Wannan shi ne ɗan kasuwa. Daga ranar da lasifikar nan ta zaga, ɓarayin ba su ƙara samun ko mutum ɗaya ba. Suna kira ana kashe waya, wasu ma har su tsaya su zazzage su tukuna. Abin ke nan da mutumin Rogo ya gani da idonsa daga ƙofar shago, cewa maganin duka bala'in bai wuce a faɗa ba. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Kamar yadda yarjejeniya ta tanada, aka ɗauko masanin kwamfuta daga Kano. Bahauddeen ya ce a fara da nasa na'urorin, aka bincike su tas, ba a ga komai ba. Aka zo Rogo. Ba a daɗe ba aka ga ranar da aka kwafe bayanan, aka kuma ga mai shagon ya buɗe wurin ya duba a yammacin ranar.

Bahauddeen ya sallami kowa, ya tura ƙofar shagon, suka rage su biyu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tun damina, Malam? Da ka kira ni a ranar, mai shela kaɗai ya ishe mu. Me ya hana ka?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. Duk dalilan nan da suka yi masa nauyi a ranar, ya neme su ya faɗa, ya ga ba ko ɗaya da zai iya fitarwa daga bakinsa.

Ku ji wani abin mamaki kuma. Bahauddeen ya fita daga shagon nan bai faɗa wa kowa sunansa ba. Ana tare shi ana tambaya wane ne, sai ya ce magana tana hannun hukuma. Cutar da za ta sami mutane ya yi shelarta a kan mota, mai laifin kuwa ya bar shi da Allah da alƙali.

To wa ya tona shi? Wanda ya rufa wa asirin. Aka kama ɓarayin a birni, aka kamo Ƙasimu a cikinsu, tun kafin a matsa shi ya ce, "Ai mijin ƙanwata ya sani tun damina." A gaban alƙali ya maimaita, kotu cike da mutanen Rogo.

Aka karanta sharaɗin da ya sa wa hannu yana dariya. Wanda ya ɓoye, shi kaɗai zai ɗauka. Shago ya tafi, kwamfutoci suka tafi, filin da ya saya zai yi gini ya tafi. Zakiyya da ya ce saboda ita ya yi shiru, ta dube shi tana hawaye ta ce, "Ka tambaye ni? Da ka gaya mini, da ni zan fara kiran Alhaji." Amma ba asarar dukiya ce ta fi ci masa rai ba. In ya zauna a majalisa wayar wani ta yi ƙara, sai mai wayar ya tashi ya koma can nesa kafin ya amsa. Ba mai zaginsa, tashi kawai ake yi.

Da abin ya ishe shi ya tafi Karaye ya durƙusa gaban Bahauddeen yana neman gafara. Bahauddeen ya kama hannunsa ya tashe shi, ya ce, "Nawa na yafe, har ga Allah. Amma na mutanen nan ba nawa ba ne balle in yafe. Ka bi su. Ka fara da Malam Liti."

Mutumin ya yi ta jan ƙafa, yau gobe, yau gobe, halin dai bai sake shi ba. Ranar da ya daure ya hau acaɓa zuwa Gwangwan, tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gidan, da mutane zazzaune. Aka yi masa nuni da babban ɗan marigayin. Ya matsa ya yi ta'aziyya, ya ce ya zo ne neman yafiyar Baba.

Ɗan ya gane shi. Sannan ya ce, "Ba mu gaya masa kai ne ba, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Har ya cika yana cewa yaron nan na Rogo ɗan albarka ne, ya ba ni ruwa, ya biya mini kuɗin acaɓa, ya rufa mini asiri." Ya nuna masa hanyar maƙabarta da ta bi bayan gari. "Yana can. Je ka gaya masa da kanka."

Ya 'yan uwa, ina zai kai wannan? Wa zai yafe masa?

Ku saurare ni da kyau, har da masu gyangyaɗi a baya. Yau amana ba a cikin tukunya ko ƙarƙashin katifa kaɗai take ba. Kai mai shagon kwamfuta, kai mai cire wa mutane kuɗi, ke ma'aikaciyar asibiti, kai sakataren ƙungiya, sunayen mutane da lambobinsu da ke hannunku dukiyarsu ce da mutuncinsu. Allah ya umarce mu da cika alkawari da tsare amana. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana, sai a sa albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya, sai a shafe albarkar.

Ba a ce ba za a yi maka sata ba. An yi wa Bahauddeen, an yi wa mutumin nan. Ɗaya ya ari wayar ɗan acaɓa ya faɗa nan take, ɗaya ya mayar da tasa aljihu. Kunya alheri ce, girmama suruki alheri ne, amma ba da haƙƙin bayin Allah ake yin su ba. In laifin mutum tsakaninsa da Ubangijinsa ne, rufa masa. In kuwa shirunka zai sa a cuci wani, to faɗa, tun rana ba ta faɗi ba. A wajen Bahauddeen na koyi wannan, shi ya sa na ba ku labarin duka na riƙe sunan. Shi kuwa Bahauddeen, da damina ta zagayo, mutanen Gwangwan da kansu suka yi ayari zuwa Karaye da katunansu a hannu, babban ɗan Malam Liti ne a gaba.

Allah ya jiƙan Malam Liti. Allah ya yawaita mana irin Bahauddeen a kasuwanninmu. Wancan bawan Allah kuma, Allah ya karɓi tubansa, ya sassauta masa ranar da za su haɗu da tsohon. Mu kuma da muke riƙe da amanar mutane a aljihunmu, Allah ya ba mu ƙarfin faɗa a lokacin da faɗar za ta yi amfani. Allah ya kiyaye mu. Amin.